Tirenin ɗin asuba, kuɗin mota da lasisi: yadda muka shiga kakar bana a kulob ɗin unguwa

Duk shekara haka abin yake farawa. Damina na ja da baya, ruwan da ya kwanta a bayan raga ya fara ƙafewa, sai koci ya turo saƙon murya a guruf ɗinmu na WhatsApp yace hutu ya ƙare, ranar Litinin kowa ya fito da kambas, kada wanda ya wahalar da kansa ɗauko but saboda babu mai taɓa bal sai an ga hali. To wannan maganar ta ƙarshe ita ke tace mutane. A guruf ɗin mun fi mutum sittin, kowa ya turo babban yatsa, wasu har da "insha Allahu koc ni zan riga kowa", amma da aka idar da sallar asuba ranar Litinin ɗin muka haɗu a fili ko ashirin bamu cika ba, shi kuwa mai riga kowa sai da aka fara taɓa bal sannan ya ɓullo, wai zazzaɓi yayi.

Ni lamba biyar nake bugawa, wato ɗan baya na tsakiya, kuma ina cikin waɗanda yara ke ce wa siniya yanzu, wato dai an kusa ce mana mu koma gefe. Da rana ina shagon yayana a Kantin Kwari. Golanmu tela ne, kyaftin ɗan Adaidaita ne, akwai masu gyaran waya a Farm Centre su biyu, akwai birkila, akwai mai wankin mota, sai 'yan BUK da 'yan foli da ƙananan yaran da suka gama sakandare suna jiran JAMB. Babu mai karɓar albashin ƙwallo a cikinmu, koci ma malamin makaranta ne, abin da yake samu a wajenmu bai wuce kuɗin mai da Alhajinmu mai ɗaukar nauyin kulob ke miƙa masa in ya tuna ba. Shi ya sa nake dariya in naji wani na cewa 'yan ƙwallon unguwa marasa aikin yi ne. Marasa aikin yin ai su ne basa iya tashi da asuba.

Filin namu na wata makarantar firamare ne, aro ake bamu da sharaɗin kafin a kaɗa ƙararrawar asambuli mun tattara ya-namu-ya-namu. Ciyawa sai dai a gefe-gefe, tsakiya jar ƙasa ce da tsakuwa, gaban raga kuma rami ne da ƙafar gololi ta haƙa shekara da shekaru. Kafin a fara komai sai mun jeru daga wannan raga zuwa waccan muna takawa a hankali muna tsince fasasshiyar kwalba da ƙusa da ƙashi da ƙaya, don bayan damina babu abin da ruwa baya kawowa. Layi da toka muke ja, wajen mai ƙosan bakin makaranta ake karɓowa a bokitin fenti. Kuma fa hanya ce ta ratsa ta tsakiyar filin, kana tsaka da gudu sai kaga mai babur ya keto da buhun gawayi yana maka hon, kai ne ma zaka bashi haƙuri. Duk da haka muna godiya, don inda muka yi wasa muna yara yanzu jerin shaguna ne, kulob da yawa a cikin birni sai sun yi karɓa-karɓa a fili ɗaya, wannan ya fita wancan ya shiga.

Makonnin farko gwale-gwale ne zalla. Zagayen fili har sai ka daina ƙirgawa, sai gudun tsere daga layin raga zuwa tsakiya ka dawo, ka sake zuwa ka dawo, koci na tsaye da usur a baki da agogon wayarsa, baya ko ɗaga murya, sai dai kaji yace "ƙara ɗaya", kuma ɗayan nan nasa ba ta ƙarewa. Akwai wani yaro sabon zuwa da ya biya ya sha koko da ƙosai ya ƙoshi kafin ya zo, zagaye na nawa ne ma, sai gashi a gindin darbejiya yana dawo da su. Koci bai ce masa komai ba sai da ya gama, ya miƙa masa fiya wata yace kurkure bakinka ka shiga layi. Ranar Asabar kuma Dala ake hawa. A ƙafa muke tafiya da sassarfa, a hau matakala a sauko, a hau a sauko, in ka kai sama ka dafa gwiwa kana haki kana hango Goron Dutse da rufin gidajen cikin birni amma wallahi ba kallo ne a gabanka ba, saukowar ma ta fi hawan cin cinya. Ranar Lahadi in zaka yi ruku'u sai ka cije baki.

Abu ɗaya da ya canza bana wanda naji daɗinsa, koci ya daina sa mu tsallen kwaɗo. Mu da muka taso da shi duk gwiwarmu ƙara take, an ɗauka wai shi ne ke sa ƙarfin ƙafa, ni dai ban ga abin da ya ƙara min ba sai ciwo. Ya kawo wani tsarin ɗumama jiki da FIFA ta fitar ana ce masa 11+, kamar minti 20 yake ci, gudu a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya kana jefa wa abokinka bal da hannu, kwanciya kan gwiwar hannu ka sandare, sai wanda zaka durƙusa abokinka ya danne maka idon sawu ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali a hankali har ka faɗi kan tafin hannu, wannan na jijiyar bayan cinya ne. Da farko yara dariya suke wai koci ya mayar da mu 'yan rawa, amma duk wanda ya yi na durƙuson nan da gaske washegari ya san ya yi aiki. Bara kafin a fara gasa mutum nawa ne suka zauna da ciwon bayan cinya, bana kuwa kusan babu.

Ƙarfe bakwai da rabi dole a tashi. Kyaftin yana da yaran da yake kaiwa makaranta a Adaidaitarsa, iyayensu basa jin uzurin ƙwallo, birkila yana da wajen aiki, ni kuma sai na koma gida na watsa ruwa na kama hanyar Kwari. Matsalar tana zuwa ne da aka koma tirenin ɗin yamma na bal, don bayan la'asar lokacin ne kasuwa take ci, baƙi na ta ɗaurin kaya. Sai na lallaɓa nace "Yaya yau fa akwai na yamma", shi kuma ko ɗagowa daga lissafi baya yi sai yace "kai har yanzu baka haƙura da Turan nan ba?" Nace Yaya Turai kam ai na bar wa yara. Yace to me kake nema? Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da shi ba, amma yana bari na tafi, wani lokacin ma har ya ce in aka buga da 'yan unguwar matarsa kada mu sake su ci mu.

Da aka fara taɓa bal sai ga jama'a, filin ya cika, nan ne ake sikirinin ɗin sababbi. Kowane yaro ka tambaya me kake bugawa sai yace tara ko goma ko win, kuma kowa da laƙabin wani ɗan wasan Turai, a fili ɗaya sai ka samu Messi uku. Lamba biyu da lamba uku, wato 'yan bayan gefe, babu mai so. Koci yakan raba su gida biyu ya ba rabi bib, 'yar rigar nan da ake ɗorawa a tirenin, rabi su cire riga, ya koma gefe ya naɗe hannu, kuma na lura ba mai yanka yake kallo ba, don yanka kam duk yaron Kano ya iya, kallonsa yana kan me yaro yake yi in bal ba ta ƙafarsa, in an ƙwace masa yana bi ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu, in ya bayar yana motsawa ko kallo yake. Akwai wani da ya yanke mutum huɗu 'yan kallo suna ta ihu, koci bai ɗauke shi ba, wanda ya ɗauka wani siririn yaro ne da yake takowa a ƙafa tun daga wajen Kurna, bai fashi tirenin ko ɗaya ba tun ranar gudun farko, ga shi ɗan hagu. Yace masa zaka buga min uku? Yaron yace ko gola kace zan tsaya koc.

But ɗin yaron nan abin kallo ne. Ƙafa ɗaya ja, ɗaya baƙi, kuma ba lamba ɗaya ba ne, na hagun ya yi masa yawa sai ya cusa soso a gaba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko na ja shi muka je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo. Sayen but na gwanjo shi ma ilimi ne: ka lanƙwasa shi ta wajen yatsu ka ga ko ƙasan zai buɗe baki, ka murɗa shi, ka sa yatsa ciki ka shafa dunduniya ko ta cinye, ka duba haƙoran ƙasan. Yara suna son mai dogayen haƙora irin wanda suke gani a talabijin, amma wancan na ciyawa mai laushi ne, a ƙasarmu mai tauri sai ya huda maka tafin ƙafa ya kuma murɗe maka idon sawu, mai gajerun haƙoran roba masu yawa shi ne namu. Muka samu wani, mai kayan ya faɗi kuɗi, nace haba Alhaji yaro ne fa maraya a harkar, muka yi ta ja har ya sallama. Daga nan kai tsaye wajen shumeka, don komai kyan but in ba a zagaye shi da ɗinki ba gam ɗin ba zai kai wata guda a filinmu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin wasan. Zama ake yi a ƙofar gidan Alhajinmu bayan isha'i, a shimfiɗa tabarma, sakatare ya buɗe littafi. Alhaji ɗan kasuwa ne da ya buga ƙwallo zamanin da kulob ɗin Raccah Rovers na Kano ke tashe, shi dai bai kai can ba amma har yau in ya fara labarin yadda suka ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978 sai an tuna masa dare ya yi. Shi yake biyan kuɗin shiga gasa ya sayi jesi saiti ɗaya da bal biyu ko uku, sauran kuma karo-karo ne, N200 duk sati a kan kowa, masu sana'a N500, ranar wasa kuma kowa ya kawo na mota. Da baki ba wani kuɗi ba ne, amma je ka karɓa ka gani. Sakatare har ya gaji ya fara turo sunayen masu bashi a guruf, nan ma rigima, wani yace an ci masa mutunci ya fita daga guruf, bayan kwana biyu ya roƙi a mayar da shi. Kyaftin ya miƙe yace "ranka ya daɗe, a sa doka kawai, wanda bai biya ba kada ya sa jesi", Alhaji yace in aka yi haka ai rabin masu cin ƙwallon zasu zauna a benci, don abin haushin shi ne waɗanda suka fi iya wasan su suka fi ƙin biya, sun san ana buƙatarsu. Ƙarshe dai mu siniyoyi muka ɗauki nauyin yaran da da gaske basu da shi, sauran aka ce koci ya yi maganinsu.

Rajista kuma sai da hoton fasfo, kowa ya kawo, a cike fom, a buga lasisi, wato katin shaidar ɗan wasa. Wajen rubuta shekarar haihuwa nan ake kallon-kallo. Mutum ga gemu ya aske da safe, ka san tare kuka yi firamare, sai kaji ya faɗi shekarar da ko ƙaninsa ya girme ta. Kowa ya san dalili, an ce turawa yaro suke saye. Amma ni ina ganin abin yana cutar da su ta inda basu zata ba. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda Kano ma ta karɓi wasanni, FIFA ta fara sa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gano shekaru, an sha sallamar yara daga sansani a kan haka. Sannan dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan, to kai mai shekara 21 da ka mayar da kanka 16, ka ɗaure kanka da kanka kenan na shekara biyu. Koci ya yi wannan bayanin har ya gaji, wasu sun ji, wasu sun ce shi ma don bai samu dama ba ne.

Shi kuwa Alhaji abin da ya sa yake matsa wa sakatare a kan takardu, wani ne ya fahimtar da shi cewa a dokar FIFA kulob ɗin da ya raini yaro tsakanin shekara 12 zuwa 21 yana da haƙƙin kuɗin raino in yaron ya zama ƙwararre, kuma in aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata ana ware kashi 5 cikin 100 a raba wa kulob-kulob ɗin da ya zauna daga 12 zuwa 23. Amma fa sai sunan yaron yana rubuce a matsayin ɗan wasanka a hukumance, "ai kowa ya san a wajenmu ya taso" ba hujja ba ce. Tun daga ranar Alhaji ya sayi fayil na roba. Har yanzu dai ko sisi bata shigo ta wannan hanyar ba, masu zuwa da sunan ejan kuwa sun fi a ƙirga, mutum ya zo da tabarau da babbar waya yace akwai gwaji a Turkiyya ko Dubai a kawo kuɗin biza. Akwai yaronmu na da da mahaifinsa ya sayar da babur ya bayar, har yau lambar mutumin a kashe take. Yanzu dokar koci ita ce duk wanda ya zo neman yaro ya fara zuwa ƙofar gidan Alhaji, kuma duk wanda yace yaro ya kawo kuɗi a nuna masa hanya.

Ba laifin yaran nake gani ba fa. In an tashi daga tirenin aka zauna teburin mai shayi hirar kenan, Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010 daga nan sai Holan, sai Rasha, sai Leicester, ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, to wane yaro ne zai ji wannan ya ce shi a shagon ɗinki zai ƙare? Ni dai nakan ce musu ku kalli Rabi'u Ali na Pillars ma, a gida ya yi sunansa kuma babu wanda bai san shi ba. Kuma matakalar tana da tsawo, daga gasar jiha sai ƙaramin lig na ƙasa NLO, sai na sama da shi NNL, sannan Firimiyar Najeriya inda Pillars take, kowane mataki mutum ɗari ne ke neman gurbin mutum ɗaya. Sai suce siniya kai dai ka tsufa ne.

Firenli na farko, wato wasan sada zumunta, wata akadami muka gayyata, yara ƙanana da muka raina, suka zo da jesi iri ɗaya har da safa, suka zura mana 3 da nema. Ƙafarmu ta yi nauyi saboda gudun Dala, su kuma bal ɗin a ƙasa suke ta zagaya mu, ni da abokin tsayuwata lamba shida muna ta nuna wa juna yatsa. Koci ko a jikinsa, yace haka yake so, gara a ci mu yanzu da babu maki. Ya gwada 4-3-3 saboda kowa yanzu ita yake so, ya ga 'yan win ɗinmu basa dawowa taimako, sai ya koma 4-4-2 yace ba Man City ba ce nan, filin da bal ke tsalle yadda ta ga dama ba a fara wasa daga gola. Na biyu muka yi kunnen doki, na uku muka ci ɗaya mai ban haushi da bugun kwana, daga nan aka fara ganin sha ɗayan farko. Kuma nan koci ya yi maganin masu ƙin biya da masu fashin asuba, ya ajiye lamba taranmu, wanda ya fi kowa cin ƙwallo bara, ya sa wani ɗan foli da bai kai shi ba. Ranar har 'yan unguwa sai da suka zo ba da baki. Yace wanda bai hau Dala ba ba zai fara masa wasa ba ko da shi kaɗai ya rage. Tara ɗin yayi fushi ya ɗauke ƙafa, aka ce wani kulob na zawarcinsa, daga baya dai sai gashi da asuba ya riga kowa, ya biya bashinsa, koci ya sa shi zagaye shi kaɗai muna kallo.

Wasanmu na farko a gasa awe ne, wani gari a wajen birni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shatar bas ya zama abin da ke karya ƙananan kulob, akwai waɗanda ake ba abokan karawarsu maki uku a banza don sun kasa zuwa. Mu bas ɗaya muka iya ɗauka, mutum a kan mutum, jakar jesi da kula ɗin ruwa a kan cinya, sauran suka bi Adaidaitar kyaftin. Muka isa ana kiran la'asar, muka yi salla, muka sa kaya a bayan wani aji. Kafin a take sai an jeru an duba lasisi, a ɗaga kati a kalli hoto a kalli fuskarka, kyaftin ɗin can yana tsaye yana sa ido ko mun kawo ɗan haya, mu ma namu yana kan nasu. Golanmu ya je duba ragarsa ya dawo yace yaga an tona wani waje a gindin ƙarfe an binne abu, yara suka fara zare ido, koci yace shi bai san wannan ba, a karanta Fatiha a shiga, wanda ya ji tsoro ya faɗa tun yanzu a canza shi.

Filin babu shinge, 'yan kallo su ne layi, in zaka yi jifa sai ka ce a matsa, wani na ja maka riga wani na faɗa maka sunan da ba naka ba. Minti kamar 20 muka samu kwana, ɗan Kurnan nan ya ɗauko ta da hagu ta lanƙwaso, lamba shida ya sa kai, sai raga. Wajen yayi tsit, mu kanmu murnar a takure muka yi ta. Bayan hutun rabin lokaci, an sha gulukos an shafa man zafi, sai wasa ya koma gabanmu gaba ɗaya, ni dai kai kawai nake sawa ina fitarwa har goshina ya yi tsami. Rafali kuma ina tausaya masa wallahi, mutum ɗaya da 'yan layinsa biyu a garin mutane, babu ɗan sanda ko ɗaya, kuma a nan zai nemi motar komawa. Lokaci ya cika bai tashi ba, aka ƙara, aka ƙara, rana har ta faɗi, sai da ɗan gabansu ya shigo da bal ya taka ƙafarsa da kansa ya faɗi, sai usur, fenariti. Kyaftin ya nufe shi, na riƙo shi nace malam kalli bayanka, mota ɗaya muka zo da ita. Suka buga suka ci, ana dawo da bal tsakiya aka tashi. Ɗaya da ɗaya. A mota babu mai magana har muka wuce rabin hanya, sannan koci yace maki ɗaya a awe ba asara ba ce, kowa ya zo gobe a sassauta jiki.

Wasa na gaba a gida muka ci 2 da 1 amma muka rasa ɗan win ɗinmu na dama, mai gyaran waya, an yi masa shiga ta baya idon sawu ya kumbura nan take. Akwatin taimakon gaggawarmu ba komai ciki sai bandeji da man zafi da auduga, ƙanƙara ma sai da aka ruga wajen mai sayar da lemo. Nan aka rabu biyu, 'yan uwansa suka ce a kai shi wajen mai ɗori targaɗe ne, koci yace a fara ɗaukar hoto tukunna, in ba karaya to a je duk inda ake so. Aka yi karo-karo a take, har 'yan kallo sun sa hannu, washegari aka kai shi asibitin ƙashi na Dala, hoto ya nuna tsagewa ce ƙarama, aka sa masa filasta. Da an ja ƙafar nan a matsayin targaɗe Allah kaɗai ya san yadda zata kasance. Abin da ba a faɗa shi ne zaman da zai yi ba ƙwallo kaɗai ya hana shi ba, har teburinsa na Farm Centre, ga mata ga ɗa, shi ya sa kuɗin sati na wannan watan gidansa aka kai, bal ɗin da aka yi niyyar saye aka fasa, muka ci gaba da tsofaffin da shumeka ya ɗinke.

Yanzu hunturu ya shigo sosai, da asuba hazo baka hango ɗaya ragar, leɓe duk ya fashe, ana tirenin da hular sanyi da safar hannu, ƙasa ta ƙara tauri in ka faɗi sai ta kwashe maka fata. Masu zuwa sun sake raguwa, an koma dai kusan fuskokin nan na ranar Litinin ɗin farko da 'yan ƙari kaɗan. Mun gama zagayen farko muna tsakiyar teburi, ba mu cikin masu hawa ba mu cikin masu faɗuwa, in muka ci wasanninmu na gida zamu iya matsawa sama. Ɗan Kurna wani kulob na NLO ya aiko a ba su shi gwaji, sun bi ta ƙofar gidan Alhaji yadda ya kamata, basu nemi ko kwabo ba, Alhaji ya ɗauko fayil ɗinsa na roba ya sa sakatare ya rubuta takarda kowa ya sa hannu. In sun riƙe shi bamu da lamba uku kenan, koci ya fara kallona yana cewa siniya ai kana ɗan taɓa hagu, nace koc gwiwar nan ba zata iya hawa da sauka a gefe ba, yace za mu gani ranar Laraba. Asabar kuma awe muke da shi, kuɗin mota N1,500 ne a kan kowa, sakatare yace wanda bai kawo nasa ba zuwa daren Juma'a kada ma ya fito bakin titi.